Mastas a fannin ilimi a Ingila: amsa ga malamin da ke shirin sayar da fili

Wani malami ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice. Yana da digirin farko a fannin ilimi, ya shekara bakwai yana koyar da lissafi a wata sakandaren gwamnati, yana da mata da 'ya'ya biyu. Wani ejan ya samo masa gurbin karatun mastas a fannin ilimi a wata jami'ar Ingila, an ce ya biya kafin alƙalami cikin wata guda, shi kuma yana shirin sa filinsa a kasuwa. Abu uku yake son sani: ko takardar za ta ba shi damar koyarwa a can, ko zai iya tafiya da iyalinsa, da kuma ko aikin da zai riƙa yi a gefe zai biya masa ragowar kuɗin makaranta.

Malam, ka kyauta da ka tambaya tun ba a yi sallama a kan filin ba. Tambayoyinka ukun duk amsarsu a'a ce. Karatun kansa ba shi da aibu, na yi shi, kuma har gobe ina cin moriyarsa a gaban ɗalibaina. Amma abin da kake nema daban, abin da ejan yake sayar maka daban.

Mu fara da koyarwa. Mastas a fannin ilimi, ko MA aka kira shi ko MEd, nazari ne a kan sha'anin ilimi. Ba horon malanta ba ne, ba ya kuma ba ka lasisin shiga aji. A Ingila lasisin shi ne QTS, kuma shi yawancin makarantun gwamnati suke tambaya. Hanyar da aka fi bi a same shi ita ce kwas ɗin horon malanta da ake kira PGCE. Shi ma, kamar mastas ɗin, shekara ɗaya ne, amma aƙalla kwana 120 daga cikinta a makarantu biyu za ka yi su, kana koyarwa ana duba ka. Mai mastas kuwa yana iya cinye shekararsa kaf bai taɓa leƙa ajin yaran Ingila ba. Akwai kuma wani mai kama da PGCE da ake yi ta intanet daga gida, PGCEi, wanda mutane ke biya suna zaton lasisi ne. Shi kaɗai ba ya zuwa da QTS.

Kai da lissafi ne darasinka, an ma buɗe wata hanyar da ta fi wannan kusa. A Fabrairun 2023 Ingila ta ba malaman da aka horar a wasu ƙasashe, har da Najeriya da Gana, damar neman QTS kai tsaye, da sharaɗin darasinsu lissafi ne ko kimiyya ko harsunan waje, kuma horonsu na koyar da 'yan shekara 11 zuwa 16 ne. Za a nemi shaidar rajistarka daga TRCN, hukumar rajistar malamai ta Najeriya, da shaidar ka yi aiki. Sharuɗɗan sukan sauya, saboda haka shafin gwamnatin Birtaniya za ka karanta da idonka ranar da za ka nema. Ka kuma sani QTS ba aiki ba ne, ba biza ba ce. Sai wata makaranta ta ɗauke ka ta tsaya maka. In dai burinka koyarwa a Ingila ne, mastas ɗin nan ba ya cikin lissafin ko kaɗan.

Maganar iyali ba ta da tsawo. Daga 1 ga Janairun 2024 ɗalibin mastas na darussa ba ya tafiya da mata ko 'ya'ya. Waɗanda aka bar wa damar su ne masu digirin bincike irin PhD, da waɗanda wata gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Labarin da kake ji cewa wane ya tafi da matarsa, tana aiki yana karatu, na shekarun 2021 zuwa 2023 ne. Da haka mutane da dama suka biya kuɗin makaranta a lokacin, domin mai rakiya ba a ƙayyade masa awannin aiki ba. Yanzu wannan ya wuce. Bizar zama bayan kammala karatu da aka fara a Yulin 2021, mai shekara biyu, ita ma an sanar za ta koma wata 18 daga Janairun 2027, sai mai PhD da aka bar wa shekara uku.

Sai kuɗi, kuma tunda malamin lissafi ne kai, mu buga shi tare. Kuɗin makarantar ɗan waje a wannan fanni yakan kama daga wajen fam 15,000 har ya haura 30,000 a manyan jami'o'i. A ce naka 18,000 ne. Kafin a ba ka biza sai ka nuna a asusunka akwai ragowar kuɗin makarantar da ba ka biya ba, da kuɗin zama na wata tara, kuma sun kwana 28 a jere ba su ragu ba. A farkon 2025 kuɗin zaman fam 1,136 ne a wata in a wajen Landan kake, 1,483 a cikin Landan, kuma an ƙara shi bayan nan. Wata tara a wajen Landan ya ba da 10,224. Kuɗin biza 524 a Afrilun 2025. Kuɗin kiwon lafiya 776 ne a shekara, amma da yake bizar takan zarce shekara da 'yan watanni, na shekara ɗaya da rabi ake karɓa, wato 1,164. Ka tara: fam 30,000 ne ba 'yan canji. A kan naira 2,000 duk fam, kamar yadda ya riƙa kaiwa da komowa a 2024 da 2025, naira miliyan 60 ke nan, ba a sa tikitin jirgi da gwajin tarin fuka da rigar sanyi ba, ba a kuma sa cefanen gidan da ka bari ba. Filin naka nawa aka taya shi?

Aikin gefe kuma doka ta tsayar da shi a awa 20 a mako muddin ana zangon karatu. Mafi ƙarancin albashi a Afrilun 2025 fam 12.21 ne a awa. Awa 20 ya ba ka fam 244 a mako, wajen 1,050 a wata, in ka samu aikin, in kuma an ba ka awannin duka. Wato ko kuɗin zaman da gwamnatinsu da kanta ta ƙiyasta bai kai ba. Haya da abinci da mota za su lashe shi, kuɗin makaranta yana nan yana jira. Mutane sukan ce ai da bazara za su yi aiki cikakke su cike giɓi. Ga ɗalibin mastas watannin bazara lokacin rubuta kundin bincike ne, kuma yawancin jami'o'i a cikin zangon karatu suke lissafa su, saboda haka awa 20 ɗin nan ce dai. Wanda ya zarce ya karya sharaɗin bizarsa.

Akwai kuma abin da ba ya hannunka. Da aka saki naira a Yunin 2023, ɗaliban da suka yi lissafinsu a tsohon farashi sun wayi gari kuɗinsu bai kai rabin abin da ake binsu ba. A Mayun 2024 labarin ɗaliban Najeriya a jami'ar Teesside ya karaɗe kafafen labarai: sun gaza biya a kan lokaci, aka dakatar da wasu daga karatu, aka sanar da hukumar shige da fice, aka ce su bar ƙasar. Waɗannan ba malalata ba ne, canji ne ya ci su. Ganin hadari ba ya sa a zubar da ruwan randa, Malam. Filin nan shi ne randarka.

To me ake koyo a wannan shekarar har na ce ina cin moriyarta? A nan nake so in ɗan daɗe, domin ejan ba zai taɓa gaya maka wannan ba, shi lada yake jira daga jami'a a kan kowane kai.

Tsarin kiredit 180 ne. Darussa suna ɗaukar 120 daga ƙarshen Satumba zuwa wajen Mayu, kundin bincike ya ɗauki 60, yawanci kalma 12,000 zuwa 20,000. Awannin zama a aji kaɗan ne ƙwarai, wani makon ba su wuce shida ko takwas ba. Sabon zuwa sai ya ce ashe hutu aka kawo shi. Ragowar lokacin na karatu ne, kai kaɗai, da jerin maƙaloli da ake sa ran ka karanta kafin kowace semina. Ba mai ba ka hanawut, ba mai bin ka. Jarrabawar zama ma ba kasafai ake yi ba a wannan fanni. Maƙala ake rubutawa, kalma 4,000 ko 5,000 a kowane darasi. Maki 50 shi ne tsallakewa, 60 ya yi kyau, 70 shi ne zarra, kuma ba a cika ganin 80 ba.

Ga inda mutanenmu suke tuntuɓe. Na san wani hedimasta, ƙwararre, Turancinsa tas, da ya rubuta maƙalarsa ta farko a kan koyarwar da ke sa ɗalibi a gaba. Ya kawo abin da Piaget ya ce, ya kawo abin da Vygotsky ya ce, wato manyan masana yadda yara ke koyo, ya jero amfanin aikin rukuni guda shida, ya rufe da kira ga gwamnati ta samar da kayan aiki. A gida wannan A ce. Maki 52 aka ba shi, malamar kuma ta rubuta a gefen shafi na uku cewa ta ga ya karanta, amma har yanzu ba ta ji ra'ayinsa ba. Ya zo wurina ransa a ɓace, yana cewa shi wane ne da zai ja da Piaget. Na tambaye shi yara nawa ne a aji ɗaya a makarantarsa. Ya ce sun haura ɗari, rabi a ƙasa suke zaune, littafi ɗaya mutum biyar. Na ce to binciken da ka kawo a ajin yara nawa aka yi shi? Ya yi shiru. Maƙalar da ake nema ke nan: ka ɗauki abin da littafi ya ce, ka gwada shi da ajin da ka sani, ka faɗi inda ya zauna da inda ya goce, ka kawo hujja. Kuma ba kai kaɗai ba ne a wannan jayayya. Michele Schweisfurth, wadda ke jami'ar Glasgow, ta bi bincike 72 a kan wannan salon koyarwa a ƙasashe masu tasowa a 2011, ta tarar labarin gazawa wajen aiwatarwa ya fi na nasara yawa. Da hedimastan ya san haka, da ya gane cewa ajinsa mai yara ɗari shi ne jarinsa a seminar, ba abin kunya ba.

Mu an rene mu a kan cewa ɗalibi ba ya musu da malami, kuma ladabi ne mai kyau a wurinsa. A can shirunka a semina ana ɗaukarsa ba ka yi karatu ba. Farfesa mai furfura zai ce ka kira shi da sunansa gatsau, bakinka ya yi nauyi har wata biyu. Abokan ajinka kuma, kada ka yi mamaki, a jami'o'i da yawa 'yan Sin ne suka fi yawa a kwasa-kwasan ilimi, da yawansu ba su taɓa koyarwa ba. Shekarunka bakwai a aji sun sa ka gabansu a gogewa, in ka buɗe baki.

Satar rubutu kuma ba wasa a cikinta. Duk maƙala sai ta bi ta manhajar Turnitin, kuma kwafo sakin layi ba tare da faɗin mai shi ba yana kai mutum gaban kwamiti. Haka ma miƙa abin da manhaja ta rubuta maka da sunan naka.

Kundin bincike shi ne abin da za ka dawo da shi, kuma shi ne ake ɓatawa saboda rashin shiri. Kafin ka yi hira da ko mutum ɗaya sai kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a ya amince, abin da kan ci makonni, ya fi haka in da yara a ciki. Sau da yawa amincewar ba ta fitowa sai Mayu ko Yuni. A lokacin makarantunmu suna fama da jarrabawar WAEC da NECO, a Yuli kuma a tafi dogon hutu, kai kuma ƙarshen Agusta ko farkon Satumba za ka miƙa. In ba ka riga ka yi magana da shugabannin makarantu da ma'aikatar ilimi ko hukumar ilimin bai-ɗaya (SUBEB) ta jiharku tun kafin ka tashi ba, za ka ƙare da rubutun ɗakin karatu a kan abin da wasu suka riga suka faɗa. In kuma da Hausa ka yi hirarrakin, rubuta hirar awa ɗaya da juya ta zuwa Turanci yana iya cin yini guda cur. Ka sa wannan a jadawalinka.

Shi ya sa nake cewa duk mai son wannan karatu ya tafi da tambayarsa a aljihu. Ba "matsalolin ilimi a Najeriya" ba, wannan taken taro ne. Tambaya irin: me ya sa yaran da suka iya lissafin ciniki a kasuwa da Hausa suke faɗuwa a lissafi iri ɗaya in an rubuta shi da Turanci? Wannan tambayarka ce, kai ka gan ta a allo. Kuma tana da tarihi da za ka jingina da shi, tun daga gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da 'yan firamare da Yarabanci shekara shida, har zuwa shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa irin RANA a Katsina da Zamfara da Mu Karanta a Bauci da Sakkwato. Tambayar ce za ta zaɓar maka kwas da jami'a. Mai sha'awar manufofin ilimi a ƙasashe irin namu ya duba kwasa-kwasan ilimi da raya ƙasa na Cibiyar Ilimi ta University College London (UCL) a Landan ko na jami'ar Sussex. Mai son koyar da lissafi ya nemi sashen da ke da malaman wannan fanni, ya buɗe shafinsu ya ga me suka rubuta kwanan nan. Kwas mai suna "ilimi" kawai, a jami'ar da ejan ya zaɓa don tana karɓar kowa, shi ne mafi ƙarancin amfani.

Ejan ɗin ma ba dole ba ne. Neman gurbi kai tsaye ake yi a shafin jami'a. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne fitar da tiranskirif daga tsohuwar jami'arka, ka fara bin sa tun yau. Jami'o'i da dama suna karɓar C6 a Turancin WAEC a madadin jarrabawar Turanci ta IELTS, wasu kuma sai maki 6.5 ko 7.0 a IELTS ɗin, musamman a wannan fanni da rubutu ne jarinsa.

Ra'ayina a fili: wannan karatu da kuɗin wani ake yin sa. Albashin malami, a gida ko a kwalejin ilimi, ba zai mayar da naira miliyan 60 ba ko an shekara ashirin. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda aka fara a 1983, yana biyan kuɗin makaranta da na zama da jirgi. Yana neman aikin shekara biyu, wato awa 2,800, wanda ka ninka shi, ana buɗe nema a wajen Agusta, kuma sai ka yi alkawarin komawa gida aƙalla shekara biyu. Akwai na Commonwealth da ake bi ta hukumar bayar da tallafin karatu ta tarayya, akwai wanda suke haɗa gwiwa da jami'o'i, akwai kuma na karatu daga nesa. Wannan na ƙarshe shi na fi so wa mai iyali irinka: kana gidanka, kana ajinka, albashinka bai tsaya ba, makarantarka kuma ita ce filin bincikenka. Malaman manyan makarantu da suka saba dogara da TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, su sani hukumar ta dakatar da ɗaukar nauyin karatu a waje daga Janairun 2025. Gasa a duk waɗannan tana da zafi, kuma faɗuwa a karon farko ba baƙon abu ba ne. Abin da ke raba masu samu da marasa samu yawanci takardar bayanin kai ce. "Ina da kishin ilimi tun ina yaro" kowa ya rubuta. Ka rubuta abin da ka gyara a makarantarku, yara nawa, me ya canza.

Tafiya irin wannan ba yau aka fara ta ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne lokacin da aka tura shi Cibiyar Ilimi ta jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya bi baya a 1946. Cibiyar ce yau take cikin UCL tun 2014. Dukkansu da tallafi suka je, shekara ɗaya suka yi, kuma aikin ilimi suka dawo wa kafin siyasa ta ja su. Aminu ya dawo da tunanin haɗa kan malaman Arewa a ƙungiya ɗaya, kuma ya yi.

Ka kuma yi tunanin dawowa tun kafin tafiya. Takardar waje sai an kai ta ma'aikatar ilimi ta tarayya an tantance. In PhD kake hari a gida, je ka tambayi sashen da kake so yadda suke ɗaukar mastas na shekara ɗaya, kada ka dawo a ce sai ka yi wani share fage. In kuma aikin ƙungiyoyin raya ilimi kake hange, kasuwar ta yi sanyi: an rushe USAID, hukumar tallafin Amurka ga ƙasashen waje, a 2025, Birtaniya kuma ta sanar a Fabrairun 2025 cewa za ta rage tallafinta na waje daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa zuwa 2027. Ayyuka irin ESSPIN, shirin Birtaniya na tallafa wa ilimi a Najeriya, da suka ɗauki mutane da yawa a Kano da Kaduna da Jigawa daga 2008 ba za a ga irinsu da yawa nan kusa ba. Kafin komai, ka nemi hutun karatu a rubuce daga ma'aikatarku; kada ka ajiye aiki.

Zaman kansa, in Allah ya sa ka je, sanyi da kaɗaici ne suka fi damun mutum, ba abinci ba, naman halal da masallaci akwai su a kusan duk garin da ke da jami'a. A Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe huɗu, sai ka ga Azahar da La'asar da Magariba duk sun faɗo cikin awannin lacca, ka nemi ɗakin salla na jami'a tun makon farko. A daidai lokacin ne kuma maƙalolin farko suke taruwa, gida kuma ana kira yaro ba lafiya.

Abin da zan ce ka yi yanzu: rubuta wa jami'ar kai tsaye, ba ta hannun ejan ba, ka tambaya ko za su ɗaga maka gurbin zuwa baɗi, da yawa suna yarda. Tambaye su kuma a rubuce a wane hali suke mayar da kafin alƙalami. Ka sabunta rajistarka ta TRCN, ka nemi tiranskirif, ka sami mutum biyu da za su rubuta maka shaida waɗanda suka ga aikinka da idonsu. Daga nan zuwa Agusta ka zauna ka rubuta tambayarka a shafi ɗaya, ka kai wa wani malami a tsangayar ilimi ta Bayero ko ta Ahmadu Bello ya yayyaga maka ita. Ka kuma tambaye shi nawa ne kuɗin M.Ed a wurinsu, ka ajiye adadin kusa da miliyan 60 ɗin nan, ku duba tare da uwargida.